Digirin digirgir a ɗakin gwajin da mutum-mutumi ke haɗa ruwan batir: in karɓa?

Wata ɗaliba da ta kammala digiri na biyu a kimiyyar sinadarai ta aiko da wannan tambaya: "An ba ni gurbin karatun digirin digirgir kan ruwan batir, a ɗakin gwaje-gwajen da mutum-mutumi ne ke aunawa, ya haɗa, ya gwada, kwamfuta kuma ta zaɓi gwajin da za a yi gaba. Ban ƙware a rubuta manhaja ba. Tsorona kada in shafe shekara huɗu ina gadin na'ura, in fito da takarda a hannu ba tare da na zama masaniyar sinadarai ba. In karɓa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya alheri a ciki. Ki karɓa, amma da sharaɗin cewa tambayar da za ki bi a shekarun nan tambayar kemistiri ce, na'urar kuma kayan aiki ce a hannunki. Tsoron da kike ji yana da tushe, na ga ɗaliban da hakan ta faru da su. Sai dai abin da ke jefa mutum cikin wannan rami ba rashin iya manhaja ba ne. Bari mu fara daga ruwan kansa, domin a nan amsar take.

A cikin batirin litiyom na wayarki akwai faranti biyu. Ɗaya garafait ne, irin baƙin da ke cikin fensir, ɗayan kuma haɗin ƙarfe ne da iskar oksijin, kamar wanda John Goodenough ya gano a Oxford a 1980. Tsakaninsu akwai ruwan da ayon ɗin litiyom, wato ƙwayoyin litiyom masu ɗauke da caji, ke ninƙaya a ciki, su je su dawo, duk caji duk saukewa. Tun da kamfanin Sony ya fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, ginshiƙin ruwan bai sauya sosai ba: gishirin LiPF6, kimanin mol 1 a lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), a narke cikin haɗin sinadaran narkarwa da ake kira kabonet, wato EC da DMC ko EMC. Wannan haɗi yana isar da ayon da saurin da ya kai kusan milisimens 10 a santimita a zafin ɗaki. Idan aka tsaya nan, kowa zai ce ai aikin mai sauƙi ne, a nemo ruwan da ya fi wannan gudu a huta.

To amma akwai abin da yake ba ni mamaki har yau, bayan shekarun da na yi a wannan aiki. Ruwan nan ba ya jure zama da garafait mai caji. Ran da aka fara cajin sabon batir, da zarar ƙarfin farantin ya sauka ƙasa da kimanin bolt 0.8 idan aka gwada shi da ƙarfen litiyom, sai ruwan da ke taɓa farantin ya soma ruɓewa. Ruɓewar nan ce ke ceton batirin. Tarkacen da ta bari yana manne a fuskar garafait ɗin, ya zama siririyar fata wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba, tana barin ayon ɗin litiyom ya wuce, tana tare ilektaron, sai ruɓewar ta tsaya. Emanuel Peled ne ya raɗa mata suna a 1979, mu dai SEI muke ce mata. Idan fatar ta yi kyau, batir ya yi shekaru. Idan ta tsattsage tana sake tofowa, kowane tofo litiyom yake ci, batir yana ta ramewa har ya mutu.

Ki dubi labarin EC da wani kabonet ɗin mai suna PC. 'Yan'uwan juna ne, bambancinsu ɗan reshen metil guda ɗaya tak. PC ruwa ne ko a tsananin sanyi, yana narkar da gishiri yadda ake so. EC kuwa a zafin ɗaki daskararre ne kamar kakin zuma, sai ya kai kusan digiri 36 yake narkewa. Duk wanda aka ba zaɓi da ido zai ɗauki PC. Amma PC yana bin litiyom har cikin garafait ya ɓarɓare shi falle-falle, EC kuma shi ke gina fatar da ta dace. Aikin Fong da von Sacken da Jeff Dahn na 1990 yana cikin waɗanda suka fito da wannan fili. Na kawo miki labarin ne don ki riƙe abu guda: da a ce a wancan lokaci akwai mutum-mutumi, aka umarce shi ya nemo ruwan da ya fi sauƙin sarrafawa da jure sanyi, da PC zai miƙo, kuma da bai yi kuskure ba. Mai ba da umarnin ne ya yi.

Yanzu me ya kawo na'ura cikin zancen? Yawa. Ruwan batir na kasuwa ba ya tsayawa a gishiri da kabonet, ana ɗiga masa sinadaran ƙari, irin su VC da FEC, kashi 1 ko 2 cikin ɗari, don su riga sauran ruɓewa su gyara fatar. Ki ɗauka kina da sinadaran ƙari 20, kina son haɗa uku-uku. Haɗi 1,140 ke nan. Ki gwada kowane sinadari a ma'auni uku, sun zama 30,780, kuma ba ki taɓa gishirin ko ruwan narkarwar ba tukuna. Duk wannan a cikin akwatin safar hannu za a yi, wanda aka cika da iskar agon, domin LiPF6 idan ya haɗu da laima yana haifar da asid ɗin HF mai cin batir, mai cin naman mutum. Wanda ya taɓa yini da hannu cikin baƙar safar roba har kafaɗa, gumi yana taruwa a yatsu, yana ƙoƙarin ɗaukar farantin da bai kai farce kauri ba da hantsaki, ya san iyakar abin da ɗan Adam zai iya haɗawa a rana. Ya kuma san cewa batirin da ya haɗa da safe da wanda ya haɗa da yamma ba hannu ɗaya ba ne ya yi su, ko da shi ɗin ne.

A nan na'ura ta fi mu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba ta gajiya, ba ta mantuwa, tana rubuta duk abin da ta yi har da gwajin da bai yi nasara ba, wanda mu muka saba binnewa a littafin ɗakin gwaji. Abin da ake kira rufaffen zagaye kuma shi ne: na'ura ta haɗa, ta auna, ta miƙa wa kwamfuta sakamako, kwamfuta ta yi hasashen inda ya fi cancanta a gwada, na'ura ta sake haɗawa. Galibi da dabarar Bayes ake yin zaɓin. Dabarar tana auna abu biyu a kowane mataki, wajen da take zaton akwai alheri da wajen da ba ta san komai a kansa ba, sai ta raba ƙafa tsakaninsu.

An gwada, kuma ya yi aiki. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ƙungiyar Venkat Viswanathan da Jay Whitacre sun haɗa mutum-mutumi mai suna Clio da manhajar Dragonfly. A rahotonsu na 2022, cikin kwana biyu na aiki da gwaji 42 suka fito da haɗin ruwa shida masu dacewa da saurin caji, ninki shida na saurin da za a samu da a ce barkatai ake ta gwadawa ba zaɓi. Kafin nan, a 2020, masu bincike na Stanford da MIT da cibiyar binciken Toyota sun tace hanyoyin saurin caji 224 cikin kwana 16, aikin da suka ƙiyasta zai wuce kwana 500 ta tsohuwar hanya. A shekarar dai, a Jami'ar Liverpool ta Ingila, mutum-mutumin ƙungiyar Andrew Cooper, mai yawo a ɗakin gwaji yana amfani da kayan aikin da mutane ke amfani da su, ya yi gwaji 688 cikin kwana 8, ko da yake shi sinadaran samar da haidurojin da hasken rana yake nema. A Turai an yi shirin BIG-MAP da aka fara a 2020 ƙarƙashin jagorancin Tejs Vegge na Denmak, akwai kuma na'urar Aurora ta cibiyar Empa a Suwizalan, mai haɗa ruwan ta kuma harhaɗa ƙananan batura da kanta. Fannin da za ki shiga ba mafarki ba ne.

Amma ki lura da abin da Clio ya auna: saurin wucewar ayon. Dalili kuwa shi ne wannan awo cikin mintoci ake gama shi. Masu aikin sun san awon bai isa ba, shi ya sa daga baya suka zuba haɗin da aka samo cikin batura na gaske suka gwada. Wannan giɓi, tsakanin abin da ke da saurin aunawa da abin da ke kashe batir, shi ne babbar matsalar fannin, kuma a ganina a nan digirinki yake kwance.

Ki yi lissafi. Idan caji yana ɗaukar awa ɗaya, saukewa awa ɗaya, zagaye 1,000 zai ci awa 2,000, wato kwana 83. Idan a hankali ake yi, awa uku-uku, kwana 250 ne. Babu mutum-mutumin da zai rage wannan lokaci, domin ba hannu ke jinkiri ba, sinadaran ne ke tafiya da takunsu. Na'ura za ta haɗa miki ruwa ɗari kafin la'asar, sannan ku zauna ke da ita kuna jiran watanni. Saboda haka duk ɗakin gwaji mai sarrafa kansa dole ya dogara da wata alama mai saurin bayyana wadda ake fatan tana nuna tsawon rai. Wace alama? Ga tambayar da ta cancanci shekara huɗu na rayuwar mutum.

Wasu sun bi ta ƙididdigar litiyom ɗin da ya tafi da wanda ya dawo a kowane zagaye. Idan kashi 99.9 cikin ɗari ke dawowa, kuma abin da ya ɓace ya ɓace ke nan, bayan zagaye 500 kusan kashi 61 ne zai rage. Idan 99.99 ne, kusan 95 zai rage. Bambancin batir mai kyau da na banza yana ɓoye a lamba ta huɗu, wadda na'urar caji ta yau da kullum ba ta iya gani da tabbaci. Ƙungiyar Dahn a Jami'ar Dalhousie ta Kanada ta yi suna ne da gina na'urorin da ke iya ganin wannan lamba, har a iya jera sinadaran ƙari daga mai kyau zuwa mara kyau cikin 'yan makonni. Wasu kuma sun bi ta koyar da kwamfuta: aikin Kristen Severson da abokanta na 2019 ya ɗauki batura 124, ya yi hasashen tsawon ransu daga zagaye 100 na farko da kuskuren kusan kashi 9 cikin ɗari. Aiki ne mai kyau. Sai dai duk baturan nan iri ɗaya ne, ruwansu ɗaya, salon caji ne kawai ya bambanta. Ke kuwa ruwan za ki riƙa canzawa, kuma sabon ruwa yakan zo da sabuwar hanyar mutuwa wadda kwamfutar ba ta taɓa gani ba.

Ga misalin da nake ba kowane sabon ɗalibi. Saurin ayon yana hawa idan ana ƙara gishiri, ya kai ƙololuwa a wajen mol 1, sannan ya gangaro domin ruwan ya yi kauri. Shekara da shekaru kowa ya tsaya a ƙololuwar. Sai a 2014 ƙungiyar Atsuo Yamada ta Jami'ar Tokyo ta nuna cewa idan aka cika gishiri ya haura mol 4, asitonaitiril, ruwan da kowa ya san ba ya zama da garafait, sai ya zauna lafiya. A 2015 Liumin Suo da Chunsheng Wang da Kang Xu suka yi makamancin haka da ruwa zalla: suka narkar da mol 21 na gishirin LiTFSI a kilo ɗaya na ruwa, sai ruwan da a ƙa'ida yake tarwatsewa a bolt 1.23 ya jure kusan bolt 3. Dalilin a duka biyun shi ne gishiri ya yi yawa har kusan kowace ƙwayar ruwa tana riƙe da litiyom, babu sakakkiya, kuma fatar SEI daga gishirin take tofowa. Mutum-mutumin da aka ce wa ya nemo mafi gudu zai juya baya tun daga mol 2. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda ya ce a wuce ƙololuwa a gangara ɗaya gefen, mutum ne da ya zauna yana tunanin yadda ƙwayoyin ruwa ke kewaye ayon.

Sai batun yarda da abin da na'ura ta faɗa. A ƙarshen 2023 ɗakin gwajin A-Lab na Berkeley ya ba da rahoton haɗa sababbin sinadarai 41 daga cikin 58 da ya nufa, cikin kwana 17. Ba a daɗe ba Robert Palgrave na Landan da Leslie Schoop ta Princeton da abokan aikinsu suka bi bayanan ɗaya bayan ɗaya, suka ce fassarar da manhajar ta yi wa hotunan awon X-ray ba ta tabbatar da sababbin sinadarai ba. Ba na kawo wannan don in rage darajar aikin. Gina irin wannan ɗaki gagarumin abu ne. Na kawo shi ne don ki ga cewa waɗanda suka iya tayar da tambayar mutane ne da suka yi shekaru suna karanta irin waɗannan hotuna da idonsu.

Mu ma ta taɓa cin mu. Wani ƙarshen mako muka bar na'ura tana ta awo, ranar Litinin muka tarar da zane mai kyau, layi sumul kamar da rula aka ja. Wata ɗaliba ce ta ƙi yarda. Ta leƙa cikin akwatin, ta ga farin ɓawon gishiri ya bushe a bakin allurar, ta ɗauki kwalbar da ake ɗiba daga ciki ta ɗora a sikeli. Nauyin ya gaza abin da lissafi ya ce. Allurar ta huda murfin robar sau da yawa har ya daina rufewa, DMC kuma mai saurin tashi ne, ya yi ta sulalewa, gishirin da ke kwalbar yana ƙara kauri daga awa zuwa awa. Duk gwajin ranar Lahadi a kan haɗin da ba shi muka rubuta ba aka yi shi, kwamfutar kuma ta gina hasashenta a kai. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai mai neman dalili yake ganinsa. Daga ranar muka ɗauki ƙa'ida: duk ɗigon da na'ura ta zuba sai an auna nauyinsa, domin ruwa mai kauri ba ya shiga allura yadda aka umarta, a riƙa cusa sanannen haɗi tsakanin gwaje-gwaje don a ga ko awo ya karkace, a hargitsa jerin gwajin don kada lokaci ya ɓoye cikin sakamako, a kuma riƙe zafi daram, tunda digiri ɗaya yana iya motsa saurin ayon da kusan kashi 2 cikin ɗari. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fito daga ilimin kwamfuta.

Manhajar da ke ba ki tsoro ita ce mafi sauƙin ɓangaren. Python, harshen rubuta manhaja, za ki koya, da yadda ake tsara bayanai, da ɗan lissafin ƙididdiga. Ɗalibin da ya dage yakan kama abin da yake bukata cikin 'yan watanni, kuma dabarun Bayes akwai su a rubuce, kyauta, ba ke za ki ƙirƙira ba. Koya wa masanin kwamfuta ya ji a jikinsa cewa gishirin LiFSI yana cin farantin alminiyom idan bolt ya yi sama, ko cewa ƙara metil asitet yana sa gudu amma yana iya rage rai, ya fi wannan ɗaukar lokaci. Ke kin zo da mai wuyar.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne kafin ki sa hannu. Ki tambayi malamin da zai duba aikinki: na'urar tana aiki yanzu, ko gina ta ne aikin? Idan ya ce ai ta kusa, ki nemi ganin bayanan da ta fitar a watan jiya. Ɗaliban da na ce miki na ga sun faɗa rami, nan suka faɗa. An kawo su don kemistiri, suka shafe shekara biyu da rabi suna gyaran famfo da bin wayoyi da jiran kayan gyara, sai a shekarar ƙarshe suka tattara abin da ya samu. Gina na'ura ma digiri ne mai daraja ga wanda ya zaɓe shi da saninsa, amma ba shi kika ce kina so ba. Ki tambaya ko akwai injiniyan da aka ɗauka musamman don kula da ita, da ɗalibai nawa ke layi a kanta. Ki tambaya ko ana gwada abin da ta samo a batura na jaka, wato masu kama da na gaske, domin ƙaramin batir mai siffar maɓalli, irin CR2032 da muke amfani da shi, cike yake da ruwa fiye da kima, kuma yawan ruwan yana rufe aibin da zai fito a batirin gaske inda ruwan ɗan kaɗan ne. Idan kuma akwai kuɗin kamfani a aikin, ki ji tun yanzu abin da za a bar ki ki wallafa. Sannan ki samu ɗalibin da ya kusa gamawa a ɗakin, ba a gaban malamin ba, ki tambaye shi sau nawa na'urar ta kwana tana aiki a watan da ya wuce.

Idan kin shiga, ki roƙi abu ɗaya: a bar ki watannin farko ki yi komai da hannu. Ki haɗa ruwan LP57 da kanki, wato LiPF6 cikin EC da EMC kashi 3 da 7, ki auna laimarsa da na'urar Karl Fischer har ki saba ganin ta ƙasa da kashi 20 cikin miliyan. Ki harhaɗa batura goma iri ɗaya, ki ga yadda sakamakonsu ya warwatse, ki sake, ki sake, har su soma tafiya tare. Wannan warwatsuwar ita ce ma'auninki: duk ci gaban da na'ura za ta nuna miki nan gaba, idan bai fi ta girma ba, ba ci gaba ba ne. Ki kuma buɗe matattun batura a cikin akwatin ki duba. Garafait mai cikakken caji launin zinare yake yi, idan kuma an matsa masa da saurin caji za ki ga toka-tokan ƙarfen litiyom ya kwanta a kansa dabbare-dabbare. Ki ɗauki hotonsu, ki ajiye kusa da zanen da kwamfuta ta fitar na wannan batir ɗin, ki yi ta kwatantawa.

Idan malamin ya ce babu lokacin wannan, na'ura ce za ta yi komai daga ranar farko, to a nan kam zan ce ki nemi wani ɗakin. Idan kuwa ya yi murmushi ya miƙo miki hantsaki, ki sa hannu a takardar.